Baƙin Hunturu a Fadamar Haɗejiya

Da asubar watan Janairu, a bakin ruwa kusa da Baturiya, kunne ne yake riga ido aiki. Hazo bai ɗaga ba tukuna, sanyi yana ratsa riga biyu, sai mutum ya ji wani siririn fito yana wucewa bisa kansa, garke bayan garke. Kirinjijiya ke nan suna dawowa daga kiwon dare. Can gefe mai kwale-kwale yana kwarfe ruwan da ya kwana a jirginsa da sakaina. Ya shimfiɗa guntuwar tabarmar kaba inda baƙo zai zauna, ya ce a shiga da bismillah, a zauna tsakiya, kada a dafa gefe. Sannan ya kafa doguwar gorarsa cikin laka ya tura.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, baƙon da ya yi haƙuri ya rufe bakinsa zai ga abin da ba ya mantuwa. Ga dinya, baƙa mai farin ciki, ta tashi da nauyi kamar an ɗora mata kaya. Ga dani, namijin da ƙululu bisa baki. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a gefen bado, ko motsi ba ya yi, balbelu kuma sun yi fari fat a kan bagaruwa kamar an shanya kaya. A tsakaninsu akwai waɗansu ƙananan agwagi masu launin ƙasa, namijinsu da farin zane bisa ido kamar gira. Waɗannan ba 'yan gida ba ne. A Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara a kan fiffike, kuma idan watan Maris ya kama za su juya.

Irin wannan fita ita ce ake sayarwa da tsada a wasu ƙasashe. A tsibirin Siri Lanka, motoci kan yi layi tun duku-duku a ƙofar gandun dajin Yala don a kai baƙi ganin damisa da giwa, kuma kamfanoni suna tsara wa mutum tafiyar kwana biyar ko bakwai: inda zai kwana, abin da zai ci, wanda zai yi masa jagora. A Sanagal, gandun tsuntsaye na Djoudj da ke bakin kogin ƙasar yana da jiragen da ke kai baƙi har gaban dubban kwasakwasai suna kwance kan ƙwai. A fadamar Haɗejiya tsuntsayen suna nan, ruwan yana nan, masu jirgin ma suna nan. Tsarin da zai haɗa su da baƙo ne har yanzu bai tsaya da ƙafarsa ba.

Inda kogi ya rasa hanya

Kogin Haɗejiya ɗan Kano ne. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su haife shi, ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya iso Haɗejiya. Daga nan gabas sai ƙasa ta kwanta shafal, ga kuma tsofaffin jigayi na rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa har nan. Kogin ya ci karo da su, ya rasa miƙaƙƙiyar hanya, sai ya rarrabu. Wani reshe ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, tsohuwar hanyar kuma ta ci gaba gabas. Daga kudu kogin Jama'are yana tahowa da ruwan tsaunukan Jos. Kusa da Gashuwa suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Chadi.

Idan ruwa ya sauko a Agusta da Satumba, kwaruruwan da ke tsakanin jigayin nan duk sukan cika, kowane tudu ya koma tsibiri. Ƙauye da masallacinsa da rumbunansa da gorubarsa sai ya zauna tsakiyar ruwa, ba a shiga ba a fita sai da kwale-kwale. Wanda yake zaton sai an je teku ake ganin tsibiri bai zo ƙasar Guri da Kirikasamma da kaka ba.

Ruwan yakan fara ja da baya a daidai lokacin da sanyi ke korar tsuntsaye daga arewacin duniya. Bayan sun ƙetare hamada da ƙishi, wannan fadama tana cikin wurare na farko da suke tarar da ruwa mara zurfi, da tsabar ciyawa, da ƙwari, da shinkafar da ta zube bayan girbi. Masana sun rubuta sama da iri 370 na tsuntsaye a dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma a ƙidayar watan Janairu ta 1997 an lissafa tsuntsayen ruwa fiye da 300,000. Ƙidayar tana cikin wadda ake yi duk Janairu a ƙasashe da dama a lokaci guda, don a san ko garken duniya yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Abin sha'awa shi ne yadda baƙi ke canjin aiki. Lokacin da agwagin Turai suke nan, shamuwa ba ta nan, ta yi kudu. Sai sun tafi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sannan ta dawo ta yi sheƙa a kan tsamiyar tsakar gari.

Takardun yabo sun yi yawa

Duniya ta daɗe da sanin wannan wuri. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda ya haɗa ƙungiyar IUCN ta duniya, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila wato RSPB, da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF. A Nguru aka buɗe ofishinsa. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona a ƙasar Bade don ganin tsuntsaye. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A 2008 aka ƙara da Dagona da kuma Baturiya, wadda faɗinta ya haura hekta 100,000. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya, Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu, kuma a wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sa gandun Baturiya cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa.

Duk wannan yana kan takarda. Amma ɗan Kano da ya tashi yau yana son kai iyalinsa ganin tsuntsaye, da wuya ya san lambar wa zai kira, ko nawa zai biya, ko ina zai kwana. Yankari yake sani. Ga kuma rikicin Boko Haram, wanda tun daga 2009 ya sa ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu game da zuwa arewa maso gabas, 'yan baƙin waje da suke leƙowa da madubin hangen nesa suka ɗauke ƙafa.

Kwana uku, in an tsara

A ce mutum ya baro Kano bayan sallar asuba. Tafiyar wajen sa'o'i uku ce a mota, don haka kafin azahar ya sauke kaya a Haɗejiya. Ranar farko ta birni ce, kuma birnin yana da abin nunawa. Labarin kafuwarsa ma da ruwa da farauta ya fara: ana cewa wani maharbi mai suna Haɗe, wanda ya fito daga Machina, ya ga karensa ya dawo jiƙe sharkaf, ya bi sawunsa har ya tarar da kogi, ya zauna nan da matarsa Jiya. Ko mutum ya ɗauki wannan tarihi ko almara, mai jagora da ya iya ba da shi a bakin kogin ya riga ya kama zuciyar baƙonsa.

Daga nan sai fadar sarki, da ragowar ganuwa, da labarin Sarki Buhari wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, da kuma ranar baƙin ciki ta watan Afrilu 1906, lokacin da sojojin Ingila suka shiga garin da bindiga, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da jarumansa, abin da ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Kabarin Baturen da Haɗejawa suka laƙaba wa Mai Tumbi shi ma yana garin. Mai son tsohon tarihi kuma sai ya ɗan zarce Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, ko ya leƙa Auyo, garin da harshen mutanensa na asali ya ɓace.

Da la'asar, kasuwar kifi. Nan ne baƙo zai fahimci cewa fadamar nan ba wurin kallo ba ce ga masu ita, rumbu ce. Tarwaɗa an lanƙwashe ta an soke wutsiya a baki an banda ta har ta yi baƙi tana sheƙi. Karfasa, ƙurungu, bargi, kawara, kowanne da tulinsa. Ana ɗaure kwalaye ana loda wa manyan motoci da za su yi kudu. Har busassun kwaɗi ana fatauci, masu sayensu suna can ƙasar Yarabawa. Ƙamshin hayaƙi yakan bi mutum har masauki.

Rana ta biyu ita ce zuciyar tafiyar. A kwana da shiri, a fita da duhu, a nufi Kirikasamma. Ba a shiga ruwan mutane haka kawai. Sai an fara tsayawa ƙofar gidan Bulama, an tuɓe takalmi, an ce ranka ya daɗe, an faɗi abin da ya kawo mutum. Shi zai sa a kira wanda ya san ruwan, kuma wannan gaisuwa ta minti goma ta fi kowace takardar izini amfani idan wani abu ya taso. Bayan fitar safe a kwale-kwale, idan rana ta take, sai a fake a inuwar giyayya ko kanya a ci abinci, a yi sallah. Da yamma a shiga dajin goruba da bagaruwa a ƙafa. Kada a yi wa baƙo alkawarin manyan namun daji, domin yawancinsu sun ƙare. Mai sa'a zai ga jan biri ya gilma, ko guza yana shan hantsi, ko sawun dila a rairayi. Gaskiyar magana, wannan yawo na masu son tsuntsu ne da masu son ganin yadda mutane ke rayuwa da ruwa: masunci kwance bisa ƙaton gora yana iyo da komarsa, mata suna yankan kaba, Bafulatani yana ƙetarar da shanu mashigi, ƙahonninsu kaɗai ake gani.

Rana ta uku a ƙetara Yobe. Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930 bayan ya bi ta Malam Madori da Birniwa, tana da tafkinta, kuma daga can Dagona ba ta da nisa. Wanda tafiyarsa ta dace da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ya ci riba biyu, don a wannan gari ne Sarki Buhari na Haɗejiya ya gamu da ajalinsa a 1863. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Machina, ya ga duwatsunta da garin da aka ce Haɗe ya baro.

Kachala

Sai dai duk wanda ya shiga kwale-kwale a wannan yanki, kafin ya yi nisa zai ci karo da bango. Kore ne, ya fi tsayin mutum, ya yi cunkus har kare ba ya ratsawa. Ciyawar ruwa ce da ake kira kachala, kuma babu taron manoma ko masunta da za a yi daga Auyo zuwa Nguru ba a ambace ta ba.

Asalin matsalar yana sama, a ƙasar Kano. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin su, kogin yana da numfashi: ya cika da damina ya malala, ya ƙafe da rani har a taka cikinsa da ƙafa. Wannan ƙafewa ita ke kashe ciyawar ruwa, ambaliyar kuma ta wanke laka. Da aka datse ruwan, aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano, sai babbar cikar ta ragu, ƙafewar kuma ta daina zuwa. Ruwa mara zurfi da ba ya bushewa, shi ne abin da kachala ke nema. Ta kafa saiwa, ta tare laka, lakar ta toshe hanyoyin ruwa. Tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka shaƙe, ruwa ya karkata Marma, wasu garuruwa gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma na can gaba suka koma jiran ruwan da ba ya isowa. Malalar da a da takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta ragu ƙasa da rabin haka a wasu shekarun fari na 1980.

Tun a 1993 aka yi gargaɗi. A wannan shekara IUCN ta fitar da littafi a kan dausayin, wanda Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tsara, kuma lissafin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama, idan aka haɗa kifi da noma da itacen da yake samarwa, ya fi ba da amfani nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka karkatar zuwa aikin noman rani na kogin Kano. A cikin wannan lissafi ko kwabo ba a sa na yawon buɗe ido ba.

Kachala tana cutar mai kallon tsuntsu ta hanya biyu. Tana cinye buɗaɗɗen ruwa da gaɓar laka inda agwagi da masu dogayen ƙafafu ke kiwo. Sannan ita ce ɗakin kwanan jan-baki, tsuntsun da garkensa ke sauka gonar shinkafa ko gero kamar hayaƙi ya tashi ya bar kara tsaye. Wannan ya sa dole mai kawo baƙi ya iya bakinsa. Manomin da 'ya'yansa suka wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu har murya ta dushe, idan aka zo masa da zancen ƙaunar tsuntsaye ba tare da an bambance dinya da jan-baki ba, kallon mara hankali zai yi wa mutum, kuma yana da hujja.

Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan yasar kogi da sarar kachala, al'ummomi kuma sun daɗe suna fita gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji. Ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da samarin Haɗejiya suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga don kada ruwa ya shiga gari, ta nuna wa kowa abin da toshewar kogi ke jawowa. Amma sara kaɗai ba ya gama da ita muddin ba a gyara yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba, kuma wannan yana hannun hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da ke Kano.

Su wa za su yi jagora

Abin da ya fi ba da ƙwarin gwiwa shi ne ba sai an shigo da masana daga waje ba. Masuncin da ya shekara talatin yana kafa mali, wato tarkon kifi, a mashigi ya san inda dinya ke kwana, ya san watan da gauraka ke rawa, ya san ramin kada. Maharbin da ke ɗana wa agwagi tarko ya fi kowa sanin hanyar da suke bi da magariba. Yau wannan sani a kasuwa yake ƙarewa, a tiren mai soyayyen tsuntsu. A Gambiya an ga yadda samarin ƙauye suka mai da irinsa sana'a: suna da ƙungiya, suna da wurin zama a bakin gadar Kotu, baƙo ya zo ya ɗauki jagora a kan farashin da kowa ya sani. Tsuntsun da aka harbe sau ɗaya ake sayar da shi, wanda aka nuna wa baƙo kuwa gobe ma yana nan, kuma maharbi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane wannan lissafi, in dai baƙon yana zuwa da gaske.

Akwai ma inda za a koya. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta horar da matasan Nijeriya da dama, kuma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015 ya haifar da ƙungiyoyin masu kallon tsuntsu a jihohin arewa, matasa masu fita ƙarshen mako da madubi da littafi da waya. Idan aka haɗa ɗalibin da ya san sunan tsuntsu na littafi da masuncin da ya san halinsa, an sami jagora cikakke.

Baƙon farko da ya kamata a nema kuwa ba Bature ba ne. 'Yan makarantun sakandare ne na Dutse da Gumel da Kano, waɗanda suka haddace sunan kogunan wasu nahiyoyi ba su taɓa ganin Marma ba. Ma'aikata ne masu neman inda za su kai yara hutun Disamba. Bukatunsu ba su da yawa: ɗaki mai tsabta da gidan sauro, makewayi mai kyau wanda mata za su iya shiga, farashi a rubuce, da rigar kariya daga nutsewa ga kowane fasinja. Wannan ta ƙarshe ba abin sakaci ba ce, don kusan kowace damina sai an ji kifewar kwale-kwale a Jigawa, yawanci saboda lodi ya wuce kima. Haɗari ɗaya da 'yan makaranta ya isa ya rufe wannan ƙofa shekara goma.

Sai kuma maganar wa zai ci kuɗin. Mutanen da ke zagaye da gandun Baturiya a cikinsa suke samun itace da kaba da kifi da kiwo, kuma tsakanin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma an sha zubar da jini a kan gona da burtali. Idan zaman gandun na ƙasa ya zo musu da ma'aikata masu kaki da kame da tara kawai, kuɗin ƙofa kuma ya wuce Abuja, za su ɗauke shi abokin gaba. Idan kuwa mai jirgi ya karɓi ladansa a hannu, matar da ta dafa shinkafa da miyar kifi ta karɓi nata, mai saƙa tabarma ta sayar da biyu, Bulama ya ga an gyara rijiyar burtsatse da kason gari, to masu gadin dajin sun ƙaru ba tare da an ɗauki kowa aiki ba.

Lokacin zuwa gajere ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanyoyi sun bushe, sauro ya yi sauƙi, ruwa ya tattare a tafkuna, tsuntsaye sun taru wuri guda. Ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, a cikin wannan lokaci take faɗowa. Da Maris ya shiga, zafi ya fara, ƙananan agwagin nan masu farar gira sukan yi ƙiba, su riƙa tashi suna kewaya tafki da yamma suna sauka. Wata safiya mai kwale-kwale zai fito ya tarar da ruwan shiru, sai kirinjijiya da zalɓe, ya ɗauki gorarsa ya tafi duba malinsa.